Tsara birane da kimiyyar muhalli: a haɗa su a jami'a, ko a zaɓi ɗaya?

Wata ɗiya daga Tawa, wadda ta samu bak D, na ɓangaren kimiyya, bana, ta aiko da tambaya. Tana son karatun tsara birane, tana kuma son kimiyyar muhalli, to ko ana iya haɗa su biyun a jami'a? In ana iyawa, a ina, kuma da wanne za ta fara? Ta ƙara da cewa kawunta ya ce mata taura biyu ba ta taunuwa, ta zaɓi ɗaya tun da wuri kada ta tashi a tutar babu.

Ɗiyata, barka da samun bak, Allah ya sa albarka. Ana haɗawa. A ƙasa irin tamu ma, wanda ya iya zana unguwa amma bai san hanyar ruwa ba, haɗari ne ga mutanen da za su zauna cikinta. Sai dai kada ki yi watsi da maganar kawunki, akwai gaskiya a ciki. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne su tsakuri kaɗan nan, su tsakuri kaɗan can, su fito da takarda mai dogon suna, ba su iya lissafin ruwan da magudana za ta ɗauka ba, ba su kuma iya karanta taswirar yankan filaye, wato lotisma, ba. Shawarata ita ce ki riƙe ɗaya da ƙarfi a shekaru ukun lisans, sannan ki ɗora ɗayan a kai a masta. Da yake bak ɗinki D ne, ki fara da ɓangaren kimiyya. Zan kawo dalili, amma bari in fara nuna miki abin da ya sa nake ganin karatun biyu a nan aiki ɗaya suke yi.

Dubi Yamai. Lokacin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kawo shi nan a 1926, 'yan ƙauyuka ne a bakin kogi. A 1960 mutanen garin wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, sai Harobanda ta samu hanya, jami'a ta zauna can, unguwanni suka bi baya. To, galibin wancan ƙetaren kwari ne, fadamar kogi ce inda ake shinkafa da garake, kuma kogi bai daina ɗaukarta a matsayin tasa ba.

Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali, ta iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, a hankali, ruwan ya riga ya tace. Akwai kuma cikar damina, ta Agusta da Satumba, jan ruwa mai laka, wadda ƙoramun da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso ke kawowa, wato Sirba da Dargol da Gorwal. A da, cikar sanyi ce babba. Yanzu ta damina ce ke ta'adi. Abin da zai ba ki mamaki, ruwan da ke gudu zuwa cikin waɗannan ƙoramu ya soma ƙaruwa ne tun cikin shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da ruwan sama ya ragu. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙasa ta tsiraita ta zama fako, ruwan da a da yake nutsewa sai ya riƙa gudu a sama. Aka samu ambaliya mai tsanani a 2012. A watan Satumba na 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai santimita 700, alhali jan gargaɗi daga 620 yake farawa. Ganuwar da ta tare kogi ta ɓangaren Lamorde ta fashe, ruwa ya shiga gidaje a Lamorde da Karaje da Kirkisoy, dubban mutane suka koma kwana a makarantu da sansani.

Masanin muhalli shi zai faɗa miki daga ina ruwan ya fito, me ya sa ya ƙaru, har zuwa wane tsayi zai iya kaiwa nan da shekara ashirin. Amma ba shi zai ce wa mai gida ya tashi ba, ba shi zai nemo inda za a kai shi ba. Bayan ambaliyar 2012 an ba wasu iyalai filaye a Seno, kan tudu. Da yawa suka koma inda suka baro, domin can ne kusa da kasuwa, da garkarsu, da lakkol ɗin yara. Ta fuskar ruwa, wurin da aka zaɓa lafiya lau yake. Abin da ya rage shi ne hanya, da famfo, da abin yi, kuma wannan aikin mai tsara birni ne.

Ga wani lissafi da nake son ki yi da kanki, don shi ne ƙofar wannan karatu. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Ɗauki gida mai rufin kwano na murabba'in mita 200. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya zuba milimita 50 cikin awa guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta. Rufin nan kaɗai ya tara lita dubu 10, wato tano 50 irin mai lita 200. Duk ta indararo zai zubo, ya bi tsakar gidan da aka shafe da siminti, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa zuwa titi. In unguwar tana da irin wannan gida 500, lita miliyan 5 ke nan cikin awa ɗaya, ba a sa ruwan da ya sauka kan titin kansa ba. Lokacin da wurin yake gonar hatsi a kan jigawa, rairayi ne ke shanye mafi yawansa. Yanzu kuma mai awon fili ya zo ya ja layuka miƙaƙƙu, kare-kare, bai dubi gangare ba. Titin da ya yi daidai da gangare sai ya zama ƙorama a daminar farko, a ta uku ya zama kwazazzabo, bututun famfo ya fito fili, katangar gidan kwana ta soma rataya. Da an karkata titin kaɗan, an bar wa ruwa hanyarsa da wurin da zai kwanta ya nutse, da kuɗin gyaran bai kai rabin abin da za a kashe daga baya ba. Wanda zai hango haka tun a takarda, dole ya iya karanta tudu da kwari a taswira, ya iya lissafin gudun ruwa, ya kuma san yadda ake yanka fili.

Ƙarƙashin ƙasa ma akwai magana. Binciken da aka daɗe ana yi a rijiyoyin karkarar da ke gabashin Yamai ya nuna ruwan ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin shekarun 1960 da 2000, duk da farin da aka sha, domin ruwan da ke gudu yana taruwa a tafkuna ya nutse daga nan. A cikin gari kuwa, a wuraren da ke kwarin Gunti Yena, akwai gidajen da ruwa ke tsattsafowa ta ƙasa, gindin bango ya jiƙe ya yi gishiri. Ki haɗa wannan da cewa galibin gidajenmu da masai na rami suke aiki, maƙwabci kuma ya haƙa rijiya a bayan katanga. Ana son aƙalla mita 15 zuwa 30 tsakanin masai da rijiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin nitrat a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita. A fili mai faɗin mita 15 ko 20, ina za a samu wannan tazara? Ga tambayar da ɗakin gwaji ke iya aunawa, amma girman fili da wurin famfon unguwa ne ke warware ta.

Yanzu bari in juya abin, don kada ki ɗauka kimiyya ita kaɗai ta isa. Tun 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da Yamai, galibi dogon yaro, da nufin ya kai wajen hekta 2,500, ya tare ƙura da iska, ya rage zafi. Ta fuskar gandun daji aiki ne mai kyau, itatuwan sun kama. Je ki gani yau: gidaje, tashoshin mai, juji, bukkoki. Me ya cinye shi? Maganar ƙasa ce. Gonakin da aka dasa itatuwan a kai na gado ne, magada suna cewa ba a sallame su ba, gari ya iso wurin, fili ya yi daraja. Babu darasin tsirrai da zai koya miki wannan. Sai kin san yadda gona ke zama fili: daga magada zuwa mai gari, daga takardar shaida ta gargajiya zuwa takardar meri, da lotisma na gwamnati da na 'yan kasuwa, da filayen da aka taɓa rabawa ma'aikata a madadin bashin albashi bayan matsin shekarun 1990. Sai kin karanta dokar ƙasar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa da ta haifar, da dokar muhalli ta 1998, da dokar tsara birane ta 2017, da ta 2018 wadda ta tsara binciken tasirin ayyuka a kan muhalli, wanda hukumar BNEE ke dubawa. Yamai ta samu babban tsarin gari a 1984, ta samu wani a 2009, amma gari ya fi takarda sauri. Fahimtar dalilin haka, rabin karatun tsara birane ke nan.

To me ya sa na ce ki fara da kimiyya? Domin lissafi, da ilimin ruwa, da ilimin ƙasa da duwatsu, da gwajin sinadarai, abubuwa ne da ke son ƙuruciya da aji da malami a kai. Mai shekara talatin da ke aiki da iyali yana iya zama ya karanta doka da tarihin gari ya gane, amma da wuya ya koma ya koyi lissafin da ya tsallake. Na ga masu lisans na ilimin ƙasa ko na ruwa da suka shiga masta na tsara ƙasa suka yi fice cikin shekara guda. Akasin haka ya fi wuya. In kuwa kin san a ranki lissafi yana ba ki wahala, kada ki tilasta wa kanki. Sashen labarin ƙasa, wato jogarafi, hanya ce mai kyau, domin shi da kansa yana tsakiyar abin biyu: akwai yanayi da zaizaya da ruwa a ciki, akwai kuma birni da jama'a da tsara ƙasa. Sharaɗin kawai, ki ɗauki darussan taswira da ƙididdiga da gaske, kada ki tsaya ga haddar littafi.

Batun a ina. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta faro a 1971, tana da sashen jogarafi a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, tana da tsangayar kimiyya inda ake ilimin duwatsu da halittu da sinadarai, ga kuma tsangayar noma. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da cibiyar fasaha, IUT, da ke koyar da tsara ƙasa da birane kai tsaye. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana da tsangayar noma da kimiyyar muhalli, ta Diffa kuma an kafa ta ne da mai da hankali kan muhalli. Ta gida, Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ƙarfinta ya fi a shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, don haka wannan karatu zai sa ki bar gida, sai ki fara shirya iyaye tun yanzu. A waje, makarantar EAMAU da ke Lome ita ce ta ƙasashen Afirka masu Faransanci a fannin zanen gini da tsara birane, Nijar na cikin masu ita, kuma da gasa ake shiga. 2iE ta Wagadugu ta injiniyoyin ruwa da muhalli ce, mai kyau, mai tsada.

Ni dai ina ganin Yamai tana da wata riba da ba a rubuta ta a takardar shiga ba. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 don yanayi da ruwa da noma na ƙasashen Sahel, tana nan kusa da jami'a. Hukumar kogin Isa ta ƙasashe tara a nan take da mazauni. Ga ACMAD ta hasashen yanayi, ga cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN. Ɗalibar da ba ta jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa za ta samu istaj, ta samu bayanan ruwan sama da na kogi na shekaru masu yawa, ta samu wanda zai duba mata memuwar, wato kundin binciken kammala karatu.

Abu ɗaya da zan matsa miki a kai, ko wane sashe kika shiga, shi ne taswira ta kwamfuta. Ki nemi kwamfuta ko ta hannu ce, ki sa manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce. Hotunan tauraron Landsat suna nan tun 1972, na Sentinel-2 kuma suna nuna abu mai faɗin mita 10, duka kyauta. Da su za ki jera Tawa ta shekaru talatin da suka wuce da ta yau, ki ga inda gari ya ci gona, inda ya ci hanyar ruwa. Wannan ƙwarewa ita ce ta fi saurin kawo aiki, don masu muhalli na nemanta, masu birane na nemanta. Sai dai kada allo ya ruɗe ki. Taswirar tudu da kwari ta kyauta, mita 30 take aunawa, ba ta ganin magudanar da leda ta toshe, ba ta ganin katangar da wani ya gina a tsakiyar hanyar ruwa. An hana leda da doka tun 2014, amma ki leƙa kowace magudana ki gani. Sai kin taka da ƙafa, washegarin ruwa, kin ga layin laka a jikin bango, kin tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. A nan kasancewarki mace riba ce: ke za ki shiga cikin gida, ki zauna da matan da su ne ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, su ne ke zubar da ruwan wanki, su ne suka san daren da masai ya cika ya malalo. Ki kuma gyara Faransancinki na rubutu, domin rahoto ne abincin wannan sana'a, ki ƙara da Ingilishi gwargwado don karatun bincike.

Kuma kada ki raina inda kika fito. Ƙasar Adar makaranta ce ta sarrafa ruwa. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya cika tsaunuka da jerin duwatsu da ramuka da madatsai don rage gudun ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. A kwarin Majiya an dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975. Manoman Ilela da Badagishiri sun farfaɗo da fako da tassa da rabin wata. Hikimar duka ɗaya ce: a tsayar da ruwa a sama, tun bai taru ya yi ƙarfi ba. Birane ba su koyi wannan ba tukuna, har yanzu tunaninmu shi ne a gina magudanar siminti a kora ruwa zuwa unguwar ƙasa. Wadda za ta ɗauki dabarar Keita ta shigo da ita cikin tsarin unguwa, ta samu abin rubuta masta har da dokta. Tafkin Babaye ma da ke cikin garinku ya isa memuwar guda: daga ina ruwansa ke zuwa, me ke shiga cikinsa, gidaje nawa suka matso bakinsa, me ayyukan gyaran gari na Tawa Sakola na 2017 suka canza a hanyar ruwan gari. A Dandaji kuma, nan cikin jiharku, ki je ki ga masallaci da ɗakin karatu da Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta suka yi da tubalin ƙasa matsattse. Ita da kwamfuta ta fara kafin ta koma zanen gini. Ki shiga da rana tsaka a watan Afrilu, ki gwada da ɗakin bulo mai rufin kwano, za ki gane cewa zafi ma abu ne da ake tsarawa.

Maganar aiki, ba zan yi miki romon baka ba. Gwamnati ba ta ɗauka da yawa, kuma yawancin ƙananan hukumomi, duk da suna buƙatar mai wannan ilimi, ba su da kuɗin riƙe shi. Galibi ana farawa da bautar ƙasa a ma'aikata, sannan kwangila a ofisoshin bincike masu zaman kansu da ke rubuta rahoton tasirin muhalli na hanyoyi da ma'adinai da lotisma, ko ƙungiyoyin agaji, ko manyan ayyukan birane da ambaliya irin PIDUREM. Aikin kwangila yana zuwa yana ɗaukewa. Mai fanni biyu ta fi saurin samun na gaba, in dai akwai abu ɗaya da aka san ta iya da hannunta. Ki kuma sani akwai ranar da za a ajiye miki taswirar lotisma a cikin kwari, a ce ki sa hannu, mai filin babba ne. Abin da zai tsaya miki a ranar shi ne lissafinki a rubuce, da lambar dokar da kika dogara da ita.

In wata makaranta mai zaman kanta ta yi miki tallan digiri da ya haɗa fannonin biyu tun daga shekarar farko, ki tambayi abu uku kafin kawunki ya biya ko dala: takardar izinin gwamnati, ko CAMES, majalisar da ke tantance digirori a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da digirin, da kuma sau nawa ɗalibai ke fita fili da na'urar awo a shekara. Ki nemi ganin memuwar biyu ko uku na waɗanda suka gama. Takardun neman tallafin ANAB, hukumar ba ɗalibai kuɗin karatu, kuma ki haɗa su da wuri, tare da na rajistar jami'a.